Aikin ƙarshen kaka a lambunan bakin teku na Faransa

Ƴan uwa manoma da masu garka, kun san yadda watan Nuwamba yake a wurinmu. An gama girbin hatsi, dammuna sun shiga rumbu, masu noman rani sun duƙufa ga gyaran fangali da dashen albasa, tumatir da salati. Ga mai garka, wannan wata shi ne farkon shekara.

A ƙasar Faransa kuwa, ƙarshen shekarar mai lambu ke nan. Sanyi yana shigowa, yini yana gajarcewa, itatuwa da yawa suna zubar da ganyensu baki ɗaya. A wannan fitowa za mu duba aikin da ma'aikatan lambu ke yi a wannan lokaci, a garuruwan bakin teku na jahar Bretanye. Jahar tana yammacin Faransa, inda ƙasa ta kutsa cikin tekun Atlantika. Kada a haɗa ta da Birtaniya ta Ingilishi, ko da yake sunayen sun yi kama. Cikin garuruwanta akwai Brest, da Roskof, da San Malo.

Wane ne mai aikin?

Kowane gari a can yana da lambunan jama'a. Wurare ne da aka keɓe, aka dasa itatuwa da furanni, aka ajiye kujeru, domin kowa ya shiga ya huta ba tare da biya ba. Ma'aikatar magajin gari ce ke kula da su, kuma ita ke ɗaukar ma'aikatan lambu da albashi. Sana'a ce da ake koya a lakwal. Yaro ko yarinya kan yi shekara 2 suna koyon sunayen tsirrai, da halin ƙasa, da askin itace, kafin a ba su takardar shaida.

Mai karatu zai iya cewa: wane amfani ke ga lambun da ba a cin abin da ke cikinsa? Amsar tana da sauƙi. Waɗannan garuruwa suna rayuwa da baƙi masu zuwa hutu a watannin Yuli da Agusta. Garin da ya yi kyau shi baƙo ke zaɓa, kuma kuɗin baƙo shi ke ciyar da mai masauki, da mai abinci, da masunci. Tun 1959 ma akwai wata gasa a Faransa, inda alƙalai ke zagaya garuruwa suna duba lambunansu. Garin da ya ci, a kan kafa masa allo a mashigarsa, da zanen fure 1 zuwa 4. Ban da wannan, tsofaffi da yawa da suka bar aiki suna zaune a bakin teku, kuma lambun gari shi ne wurin tattakinsu na kullum.

Sai dai kyan da baƙo ke gani a Yuli, a Nuwamba ake shirya shi, lokacin da babu mai kallo. Yanayin aikin ba shi da daɗi. A ƙarshen wannan wata, rana ba ta fitowa a Brest sai bayan ƙarfe 8 da rabi na safe, kuma kafin ƙarfe 6 na yamma ta faɗi. Zafin yini bai cika wuce digiri 12 ba. Ruwan sama kuwa ba a magana: Brest na samun wajen milimita 1,200 a shekara, fiye da ninki biyu na abin da Maraɗi ke samu. Cikin wannan yayyafi da laka ma'aikacin ke yini, sanye da rigar ruwa da takalman roba.

Iska da gishiri

Wani zai zaci sanyi ne babban abokin gaban mai lambu a can. A bakin teku ba haka ba ne. Ruwan teku yana riƙe ɗumi, shi ya sa ƙasa ba ta cika daskarewa a waɗannan garuruwa ba. A Roskof har akwai lambun da ke cike da tsirran ƙasashe masu zafi, suna rayuwa a fili. Abin da ke kashe tsiro a nan iska ce, da gishirin da take ɗauke da shi.

Kowace lita ta ruwan teku tana da gishiri kamar giram 35. Idan igiyar ruwa ta bugi duwatsu, iska ta kan kwashi feshin ta watsa shi cikin gari. Feshin ya sauka a kan ganye, gishirin ya tsotse ruwan da ke cikinsa, sai ganyen ya ƙone kamar an hura masa wuta. Wanda ya taɓa ganin gonar da kanwa ta fito a cikinta ya san abin da gishiri ke yi wa shuka. Ita ma iskar kanta tana busar da tsiro, tana karya rassa, tana girgiza ƙaramin itace har saiwoyinsa su tsinke a cikin ƙasa. Shi ya sa itatuwan bakin teku duk suke karkace gefe guda, kamar wanda ya juya wa iska baya.

Maganin da ma'aikatan suka fi dogara da shi shi ne shingen tsirrai masu rai. A sahun gaba, wajen teku, suna dasa masu jure gishiri, irin su tamari mai siraran ganye, da wasu masu ganye mai kauri da sheƙi. Bayansu sai itatuwa masu tsawo. Furanni masu taushi su ne a can ciki, inda iska ta riga ta gaji. A ƙarshen kaka ana bin wannan shinge, a cike gurbin wanda ya mutu, domin ƙofa ɗaya a jikin shinge ta isa iska ta kutso da ƙarfin da ya fi na da.

Me ya sa ba su gina katanga su huta ba? Domin iska idan ta bugi katanga sai ta haye samanta, ta faɗo a bayanta tana juyi, ta yi ɓarna a daidai wurin da ake son karewa. Shinge mai ƴan kafofi yana barin wani kashi na iskar ya wuce a hankali, ya rage mata ƙarfi. Irin wannan shinge yana kare fili mai faɗin da ya kai tsawonsa sau 10 ko fiye. Mutanen Buza da ke jahar Tawa sun san wannan magana da idonsu. Tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro, biyu-biyu, a kwarin Majiya, domin tare iskar da ke kwashe ƙasa tana binne shuka. A can iskar teku ce, a nan ta hamada, amma dabarar ɗaya ce.

Inda ganyen da ya zube ke zuwa

Aikin da ya fi cin lokaci a Nuwamba shi ne kwasar ganye. Ana yinsa da manjagara da baro, wani wuri da inji mai hura iska. Dole ne a share hanyoyi, domin jiƙaƙƙen ganye yana da santsi, kuma tsoho idan ya zame ya karye a ƙugu ba lalle ya sake tafiya daidai ba. Ganye kuma yana toshe magudanan ruwa.

Amma ba a ƙona shi. Dokar Faransa ta hana ƙona ganye da rassa a fili, saboda hayaƙin yana cutar da huhu. Ko babu doka ma, ma'aikacin kirki ba zai ƙona ba, domin ya san abinci ne na ƙasarsa. Ƙasar bakin teku yawanci rairayi ce, kamar jigawarmu. Ba ta riƙe ruwa, ba ta riƙe taki. Abin da ke gyara ta shi ne ruɓaɓɓen ganye. Saboda haka a kan tara ganyen tsibi-tsibi a wani lungu, a bar shi shekara 1 ko 2, har ya zama baƙar ƙasa mai laushi. Wanda ya ruɓe tun bara shi ake ɗebowa yanzu a zuba a fangali. Ganyen da ke da cuta kaɗai ake warewa, kada ya mayar da cutar baɗi.

Wani kashin kuma a kan niƙa shi tare da ƙananan rassa, a shimfiɗa a gindin tsirrai, kauri kamar santimita 5 zuwa 10. Ba a bari ya taɓa jikin itacen, don kada ɓawon ya ruɓe. Wannan shimfiɗa tana hana ruwan sama daddale ƙasa, tana hana iska kwashe ta, tana danne ciyawa, tana kuma ciyar da tanar ƙasa. A ganinmu, cikin dukan ayyukan wannan wata babu wanda ya kai wannan daraja, kuma ba ya buƙatar kuɗi. Manomin da ke barin kara a gonarsa bayan girbi, maimakon ya ƙone shi ko ya share gonar fes, abin da yake yi ke nan.

Teku ma tana ba da nata takin. Bayan kowace babbar iska, igiyar ruwa ta kan jibge ciyawar teku mai launin ƙasa a bakin gaɓa. Tun zamanin da, manoman Bretanye suna kwasarta su kai gona. Tana da daraja har hukuma ta yi dokar ɗibarta tun 1681. A kan bar ta a tsibi ruwan sama ya wanke gishirin, sa'an nan a haɗa ta da ƙasa. Da ita mutanen Roskof suka daɗe suna noman albasarsu mai ruwan hoda, wadda ta yi suna a can kamar yadda ta Galmi ta yi suna a nan. Akwai dai wata iri koriya da ake gudu. Ita tana yawaita ne inda takin zamani da kashin dabbobi suka yi yawa a gonaki, ruwa ya kwashe su zuwa teku. Idan ta taru ta ruɓe, tana fitar da iska mai guba. A 2009 wannan iska ta kashe doki a wata gaɓa ta jahar, mahayinsa kuma ya suma.

Albasar da ba a ci

Kafin Nuwamba ya shigo an riga an tuge furannin da suka yi ado a lokacin zafi. Wasu, irin su daliya, suna da saiwa mai kama da dankali. Ita a kan haƙo ta, a kakkaɓe ƙasar, a shanya, a ajiye a ɗaki mai sanyi marar laima har watan Afrilu ko Mayu. Ayaba ta ado da ƙananan dabino a kan naɗe su da yadi ko da ciyawa. Waɗanda ke cikin manyan tukwane kuma a shigar da su ɗakin gilashi.

A fangalin da aka tuge sai a binne wata irin albasa ta fure. Akwai tulif, akwai narsis. Da ido kamar albasar miya suke, amma ba a cinsu, narsis ma guba ce. Ana binne kowace ɗaya, kanta na kallon sama, zurfin ramin ya kai tsawonta sau 2 ko 3. Ma'aikata kan dasa dubbai a gari guda, a durƙushe, da hannu. Wannan albasa ba ta yin fure sai ta sha makonni cikin sanyi, shi ya sa ba ta yi a ƙasarmu. Ƙasar rairayi ta dace da ita, domin idan ruwa ya kwanta a kanta ruɓewa take yi. Wanda ya binne ta a Nuwamba ba zai ga furenta ba sai Maris ko Afrilu.

Dashen itace

Faransawa suna da wata tsohuwar magana, cewa duk itacen da aka dasa a ranar 25 ga Nuwamba zai kama. Ba ranar ce ke da sirri ba. A wannan lokaci itace ya zubar da ganye, ya yi barci, ba ya neman ruwa da yawa. Ƙasa kuma tana da sauran ɗumi da laima. Saiwoyi sai su samu watanni suna kama ƙasa kafin sabon ganye ya fito. A wurinmu, lokacin da ya yi daidai da wannan shi ne sa'ad da damina ta zauna.

Da yawa daga cikin itatuwan ana kawo su ne da saiwa tsirara, ba ƙasa a jikinsu. Kafin a sa su a rami, akwai wata dabara ta tsofaffin manoma da har yau ake yi. A kan dama yumɓu, da kashin shanu, da ruwa, kowane kashi ɗaya, har ya yi kaurin kunu. Sai a tsoma saiwoyin a ciki. Wannan yana hana su bushewa, yana kuma sa su manne da sabuwar ƙasa. Ramin ya kamata ya fi saiwoyin faɗi sosai. Ba a binne wuyan itacen, wato mahaɗar saiwa da gangar jiki. Idan an mayar da ƙasa sai a ba shi ruwa mai yawa, ko da ana ruwan sama, domin ƙasar ta zauna ta cike kafofi.

A bakin teku akwai ƙari biyu. Na farko, an fi son ƙaramin dashe bisa babba. Babban itace yana da kyan gani ranar da aka dasa shi, amma iska tana samun abin kamawa a jikinsa alhali saiwarsa ba ta kafu ba. Ƙarami yana girma ne tare da iskar, ya saba da ita, kuma sau da yawa bayan ƴan shekaru ya kan wuce babban. Na biyu shi ne turke. A kan kafa shi ta gefen da iska ke fitowa, wato yamma, a ɗaure itacen da roba mai laushi. Ba a ɗaure shi ƙam har sama. Ana barin kansa ya riƙa lilo, domin wannan motsi shi ke sa gindi ya yi kauri, saiwa ta yi ƙarfi. Bayan shekara 2 ko 3 a cire turken. Igiyar da aka manta da ita ta kan shige cikin ɓawo ta shaƙe itacen, saboda haka duba tsofaffin ɗauri ma aikin wannan wata ne.

Aski kuwa kaɗan ake yi. Doguwar wardi a kan rage mata tsawo don kada iska ta jijjige ta. Furen ortansiya, wanda ya cika gidaje da lambunan Bretanye, ba a yanke busassun kawunansa sai wajen Maris, domin su ke rufe ƙananan tohon da ke ƙarƙashinsu.

Daren guguwa

Duk wannan shiri ana yinsa ne da sanin cewa guguwa na tafe. Manyan mutanen jahar ba su manta da ta watan Oktoba 1987 ba, wadda ta kayar da dazuzzuka cikin dare ɗaya. A daren 1 zuwa 2 ga Nuwamba 2023 wata ta sake zuwa, wadda aka sa wa suna Kiyaran. A wani tsini na gaɓar jahar an auna gudun iskarta ya kai kilomita 207 a awa. Gidaje wajen miliyan 1 da dubu 200 suka rasa wutar lantarki a Faransa, mafi yawansu a Bretanye. Itatuwa sun faɗi ba adadi. Abin da ya ƙara ɓarnar shi ne, da yawansu ba su gama zubar da ganye ba, ƙasa kuma ta jiƙe sharkaf. Iska ta samu abin turawa a sama, saiwa ta rasa abin riƙo a ƙasa.

A irin wannan rana, aikin ma'aikacin lambu ya zama na tsare rai. Tun kafin iskar ta iso a kan rufe ƙofofin lambuna. Bayan ta wuce ba a buɗe su sai an bi manyan itatuwa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya faɗi kowa na ganinsa. Abin tsoro shi ne reshen da ya karye ya maƙale a sama, da itacen da ƙasa ta tsage a gindinsa alhali yana tsaye. Su ne ke faɗowa bayan kwana 2 ko mako guda, lokacin da yara suka dawo wasa. Yanke itacen da ya faɗi ma yana da haɗari, domin reshen da nauyi ya danne yana iya zabura ya bugi mai zarto. Saboda haka ba a ba kowa zarto mai inji sai wanda ya koya, kuma ba ya aiki shi kaɗai.

Lafiyar mai aiki da ta jama'a

A da, ma'aikatan suna fesa maganin kashe ciyawa a hanyoyin lambu. Yanzu an daina. A 2014 majalisar Faransa ta amince da wata doka da ake kira da sunan Joël Labbé, wanda a lokacin yake ɗan majalisar dattawa daga Bretanye. Daga ranar 1 ga Janairu 2017 ta hana hukumomi fesa magungunan ciyawa da na ƙwari masu haɗari a lambunan jama'a. Daga 2019 hanin ya kai ga mutane a gidajensu. Dalili shi ne maganin yana shiga jikin mai fesawa, yana taɓa yaran da ke wasa a ƙasa, ruwa kuma yana kwashe shi zuwa rafi da teku. Aikin ya ƙaru, babu shakka, domin an koma ga fartanya da hannu. Wannan ne ma ya ƙara wa shimfiɗar ganye daraja, tun da ciyawar da ba ta samu haske ba ba ta fitowa. Mai garkar da ke fesa magani ba takalmi, ba abin rufe hanci, ya kamata ya yi tunani a kan abin da ya sa ƙasa mai likitoci da yawa ta ɗauki wannan mataki.

Akwai kuma wata tsutsa mai gashi da ke rayuwa a kan itacen pin, mai ganye kamar allura. Daga ƙarshen kaka ake fara ganin farin gidanta a ƙarshen rassa, kamar dunƙulen auduga. Gashinta yana sa ƙaiƙayi mai tsanani, da kumburin ido, wani lokaci har da sarƙewar numfashi. Karen da ya lashe ta yana iya rasa wani ɓangare na harshensa. Ma'aikata kan yanko gidajen da almakashi mai dogon hannu, fuskarsu da hannuwansu a rufe. Suna kuma rataya ƴan akwatuna a kan itatuwa domin ƙananan tsuntsaye masu cin tsutsar su yi sheƙa a ciki.

Mai aiki da ƙasa da taki, ko a ina yake, yana fuskantar tetanos, ciwon nan da ke sandarar da jiki ya ƙulle haƙora. Ƙwayar cutar tana cikin ƙasa da kashin dabbobi, tana shiga ta rauni ko da ƙarami ne, kamar sukar ƙaya. Ma'aikatan can suna yin allurar rigakafi, suna sa safar hannu, kuma duk rauni a kan wanke shi nan take da ruwa da sabulu. Allurar tana nan a likitocinmu.

Idan Disamba ya shigo, aikin fili ya ragu. A kan zubar da ruwan da ke cikin bututun ban ruwa, don kada ya daskare ya fasa su. Shebur da manjagara a wanke su, a shafa musu mai saboda iskar gishiri tana sa tsatsa da sauri. Almakashin aski a wasa shi, a goge bakinsa da alkol, domin ƙarfe yana ɗaukar cuta daga wannan itace ya kai wa wancan. Sa'an nan shugaban ma'aikata ya zauna da takarda, ya zana fangalin baɗi, ya rubuta irin da za a saya. Cikin Fabrairu ake fara yafa irin a ɗakin gilashi. A daidai lokacin ne kuma, a wuraren da shinge ya tare iska, korayen kawunan narsis ke fasa ƙasa.